Bencin Gaba na Ajin Lubabatu

Lubabatu na tsakar gida tana duba littattafan ɗalibanta, Inna na tsinkar zogale, sai ga Hajiya Adama ta yi sallama ciki-ciki. Ita ce yayar Luƙman, saurayin Lubabatu, ita ta riƙe shi tun rasuwar uwarsu. Biki saura wata biyu. Ko tabarma ba ta hau ba.

"Inna, ƙara nik kawo. Ɗiyarku ta tada Amirata daga bencin gaba, ta aza ɗiyar masu shanu."

A makarantar da Lubabatu ke koyarwa, can gefen Kore Mairuwa, zama bisa maki yake. Na ɗaya gaba, na ƙarshe jikin bango, kuma iyaye sun fi yaran sanin wurin kowa. Amira ce ta ɗaya. Ummuhani kuwa, 'yar makiyaya, shekara uku ke nan tana maimaita aji. Ta san shanun babanta ɗaya bayan ɗaya, amma baƙaƙe rikice mata suke yi.

"Yaya, ki saurare ni," in ji Lubabatu. "An tara mu formasiyo, horon malamai, a Dutsi, an hwaɗa muna akwai yaran da haka Allah Ya yi su. Ba daƙiƙanci ba ne. In suna kusa da malami, ana bin su sannu-sannu, suna kamawa. Amira ko ina taz zauna ganewa takai."

"Yarinyar da kowa ya san doguwa ka riƙe da ita? Ki maida Amira wurinta, ko ki nemi wani mijin."

Bayan fitarta Inna ta yi kuka, ta yi lallashi, ta yi faɗa. "Benci, Luba? Katako za ya raba ki da aure?"

Da la'asar Luƙman ya rufe shagonsa ya zo. Mutum ne mai sanyi, irin waɗanda ba su iya musu da kowa, balle da yayar da ta goya shi.

"Don Allah ki yi mata yadda taka so. Bayan biki sai ki sake."

"In na maida Ummuhani baya, babanta cire ta za ya yi. Ya hwaɗa mini bana ce ta ƙarshe."

Luƙman ya buga babur ɗinsa ya tafi. Bayan kwana uku aka aiko karɓar kayan lefe.

Wata huɗu Lubabatu ta yi tana ramewa. Luƙman bai kira ba, ita ma ba ta kira ba, amma duk babur ɗin da ya wuce sai ta leƙa waje. Ƙawaye suka daina zuwa. Kullum bayan an tashi makaranta sai Lubabatu ta zuba rairayi a faifai, ta kama yatsan Ummuhani suna zana baƙi ɗaya sau talatin. Yau ta riƙe, gobe ya gudu. Abin takaici, da aka yi jarrabawa Ummuhani ta sake zuwa ta ƙarshe. Sunanta kawai ta iya rubutawa daidai. Gari ya samu abin dariya, wai Madam ta sayar da miji ta sayi baƙi takwas.

Ranar da maganar ta zo kunnenta, Lubabatu ta zauna a aji ita kaɗai tana kuka, ta tabbata ta yi asara biyu. Sai ta ji motsi. Luƙman ne ya shigo, ya wuce can jikin bango ya zauna, gwiwoyinsa sun tokare benci.

"Baban Ummuhani ya zo shago yau," in ji shi. "Yana ta gwada ma mutane takardar da tar rubuta sunanta. Ya ce badi ma za ta dawo." Ya sunkuyar da kai. "Irin wurin ga niz zauna shekara biyar, Luba, ina shan bulala, har nib bari. Saƙonnin da kika aiko min a waya, aboki ka karanta min. Kunya ta hana ni hwaɗa miki. Yaya ta sani. Ba ta son tunawa ne."

An ɗaura auren bayan girbi, babu kiɗa babu taro. Hajiya Adama ba ta zo ba, har yau kuma ba ta taka gidansu ba, abin yana cin Luƙman ƙwarai. Haƙurin Lubabatu ya biya ta, amma ba duka ba.

Malamai da iyaye, yaron da karatu ya yi wa wuya a jawo shi kusa. In aka tura shi jikin bango, yakan girma ya yi gemu bai taso daga wurin ba.