Tabon Ƙofar Barewa

Tun ranar da aka jawo Barewa zuwa gidansu, Auta ta haƙura da shanya a tsakar gida. Igiyar shanyarta ta koma maratayar wayoyi, bahon wankinta ya zama majiƙar kusoshi, tsohon buroshin haƙorinta ma bai tsira ba, da shi ake cuɗa kafireto. Ba ta yi ƙorafi ba. Motar mahaifinta ce, kuma mijinta ne kwance a ƙarƙashinta, dogayen ƙafafunsa sun leƙo waje kamar an manta da su.

Barewa suna ne da marigayi Baba ya raɗa wa motar. 'Yar ja ce irin ta tseren da, mai dogon bonet, gajeruwa har kamar cikinta zai shafi ƙasa, kujera biyu rak, da rufin tamfol da ake naɗewa baya. Bayan rasuwarsa ta shekara da shekaru a garejin Mama, tayoyi suka sace, ɓeraye suka yi aure suka hayayyafa a cikin kujerunta. Dogo, mijin Auta, shi ya je ya durƙusa ya roƙi Mama ta ba shi ya tashe ta. Mama ta ce ya ɗauka, amma ya bi ta a hankali.

Dogo ba bakanike ba ne. A shagon tabarau yake aiki, yana goge gilashi yana daidaita shi da idon mutane, kuma a sana'arsu ƙarzane ɗaya ya isa a jefar da gilashi. Halin ya biyo shi har gida. Idan hoton bango ya karkace, sai ya ajiye cokali ya tashi ya miƙe shi. Auta takan tsokane shi ta ce da yana da tsani mai tsawo, da jinjirin wata ma bai sha ba.

Da wannan hali ya shiga Barewa. Ya sauke injin ya wanke shi gaɓa-gaɓa, ya sa sabon lagireto, ya sake wayoyin da ɓeraye suka ci. Ya cire tsoffin birki ya sa na zamani masu faranti, ya sa sabon kulochi, har da bel ɗin kujera wanda motar ba ta taɓa sani ba. Auta kuwa ta zama mai miƙo kaya. Kafin a jima ta fi shi gane sufana, yana buɗe baki ta riga ta ɗora masa a tafi. Wasu ma'auratan a falo suke hira, su nasu zancen soyayyar a bakin bonet ya fi daɗi, hannuwa duk baƙin mai.

A jikin ƙofar direba akwai wata tsohuwar lotsawa, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Auta ta taso ta gan ta, ba ta taɓa tambayar asalinta ba, kamar yadda yaro ba ya tambayar tabon da ya taso ya gani a goshin kakarsa. Dogo kuwa kullum ya kalle ta sai ta tsone masa ido. Ya kwance ƙofar, ya bubbuge ta daga ciki, ya cike, ya bi da sanfefa, ya fesa fenti, ya sake gogewa, har sai da Auta ta iya gyara ɗaurin ɗankwalinta a jikinta. Sannan ya ce a gayyato Mama, yana so ya ba ta mamaki.

Mama ta zo da hantsi. Ba ta kalli injin ba, ba ta kalli sabbin kujeru ba. Kai tsaye ta zagaya ɓangaren direba ta ɗora hannunta a ƙofar. Hannun ya zame. Ta sake shafawa, sama da ƙasa, kamar mai laluben abu a duhu.

"Me ka yi wa ƙofar nan?"

"Na gyara ta, Mama," in ji Dogo, fuskarsa cike da murna. "Ko alama babu."

"Haka ne," ta ce. "Ko alama babu. Sannu da aiki."

Ta juya ta fita, ruwan da Auta ta kawo ma ba ta taɓa ba.

Daga ranar Mama ta kwanta, ba zazzaɓi ba ciwon kai, abinci sai an yi da gaske. Aka kira Auta ta zo jinya. A nan Yaya, babban wansu, ya shigo maganar. Dillalin gidaje ne, kuma ya daɗe da yarda cewa ba a yi wa abu fenti sai za a kai shi kasuwa. Ya ga hotunan Barewa da Dogo ya sa a waya, ya ga masu tambaya ko ta sayarwa ce, shi ke nan ya haɗa ya ɗinke. Ya ce abin da ya kwantar da Mama ke nan, ta gane an shigo musu da kwaɗayi a rigar ladabi. Ya ce tun farko motar yaron nan ya hango, ba ƙanwarsa ba. Ya yanke cewa Auta ba za ta koma ba sai an dawo da mota, bayan nan dangi su zauna su duba ko auren ma yana da sauran amfani.

Auta ta dubi Mama tana jiran ta musa. Mama ta juya fuskarta bango. Wannan shirun ya fi maganar Yaya yi mata ciwo, ta shiga ɗakinta na 'yanmatanci ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta san mijinta. Mutumin da ke naɗe tsoffin kusoshin Baba a tsumma ya jera su a kantar ɗaki don ya kasa zubarwa, shi ne zai sayar da motar? Amma uwa uwa ce, kuma ba ta ga ta inda za ta ce wa mahaifiyarta kin zalunce shi ba.

Dogo bai yi musu da kowa ba. Kullum ya tashi daga shago sai ya biyo, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Mama ya gaishe ta, ta amsa a daƙile daga ciki, ya miƙe. Da Yaya ya tare shi da maganar mota, ya ce zai kawo, saura aiki ɗaya: akwai iska a birki, kuma fitar da ita aikin mutum biyu ne, ɗaya na taka feda ɗaya na sassauta kusar birkin a ƙasa. Yaya ya ce garin nan ba a rasa masu ƙafa ba. Dogo ya sunkuyar da kai ya ce da Auta suka fara. Taurin kai ne, ba shakka, amma irin wanda mace ke ji ta koma ɗaki ta yi murmushi cikin hawaye.

Wata safiya Auta na shara a bakin get, tsintsiyarta ta kai gindin ginshiƙin dama. An sha yi wa katangar gidan fenti, amma a kusurwar ginshiƙin akwai wani ɗan wuri da aka zagaye aka bari, kuma a tsakiyarsa ga wani jan zane da ya koɗe. Ta tuna duk lokacin da masu fenti suka zo, Mama kan tsaya a kansu a daidai nan. Ta tsaya kusa da shi ta auna da jikinta. Tsayin ƙofar Barewa ne.

Ta ajiye tsintsiyar ta shiga ɗaki. Ba ta yi gaggawa ba. Ta zauna ta ɗora ƙafafun Mama a cinyarta tana matsa mata, sai da ta ji jikin ya saki sannan ta ce, "Mama, wa ya goga Barewa a ginshiƙin get?"

Mama ta rufe ido. 

"Ni ce."

Maganar ta fito da ƙyar, don matan zamaninsu ba su saba buɗe wa 'ya'ya irin wannan ba. Ta ce tana amarya Babansu ya dage sai ya koya mata tuƙi, danginsa na ta surutu wai zai lalata mota ya kuma lalata mata. Ranar farko da ta shigo da ita gida da kanta, 'yan'uwansa na zaune a waje, ta saki kulochi da ƙarfi, ƙofa ta haɗu da ginshiƙi. Suka kwashe da dariya, wata ta ce maganinsa ke nan. Ita kuwa ta ƙanƙame sitiyari tana jiran faɗa. Sai ya fito ya zagayo, ya kama hannunta ya ɗora a wurin, ya ce a gabansu duka: wannan hannun matata ne, babu mai taɓa shi.

"Har ya bar duniya bai bari an gyara ba," in ji Mama. "Bayan rasuwarsa, idan abin ya taso min, sai in shiga gareji in sa hannuna a ciki. Daidai yake shiga, Auta. Abin da ya rage min ke nan."

Auta ta tambaye ta me ya sa ba ta gaya wa Dogo ba tun farko. Mama ta ce da wane bakin za ta gaya wa suruki? Ta ce ta san yaron ba shi da kwaɗayi, ta san Yaya ya yi kuskure, amma da ta ji an samo wa fushinta dalili sai ta ɓuya a bayansa. Ta ce ta san ba daidai ba ne, amma zuciyarta ta ƙi, ba ta iya ɗaga ido ta kalle shi.

Da yamma Auta ta nemi izinin Yaya ta je ta taka birki, tunda mota yake so. A tsakar gidansu ta gaya wa Dogo komai. Ya zauna a kan tsohuwar taya ya daɗe yana kallon ƙofar da ya yi alfahari da ita. Ya ce shi ya ɗauka lalacewa ce. Can ya miƙe ya ɗauko guduma zai mayar da lotsawar.

Auta ta riƙe hannunsa. "Wanda guduma ta yi ba shi ba ne."

Ya ajiye. Ta shiga ta zauna a kujerar direba, shi ya kwanta a ƙasa. "Taka... riƙe... saki." Ta taka, ta riƙe, ta saki, taya bayan taya, har fedar ta yi tauri a ƙarƙashin ƙafarta. Kafin su wanke hannu ta roƙe shi abu ɗaya, idan sun isa kada ya ba Yaya makulli.

Washegari Barewa ta koma gida da ƙafarta, ƙarar injinta ta fito da maƙwabta. Dogo ya tsayar da ita a titi, bai shigar ba. Yaya na bakin get ya miƙo hannu. Dogo ya gaishe shi da ladabi ya wuce, ya durƙusa gaban Mama wadda ƙarar ta jawo har soro.

"Mama, na goge abin da ban san darajarsa ba, ki yafe min. Ga motarki. Ke ya kamata ki shigar da ita."

Mama ta kalli makullin, ta kalli Auta, ta gane an faɗa. Kunya ta kama ta, har ta ja mayafi ta rufe baki. Yaya ya fara cewa rabon Mama da tuƙi tun kafin a haifi Auta, sai ya ga ta karɓa. Ta shiga, Auta ta zauna kusa da ita ta ɗaura mata bel. Mama ta sa giya. Ƙafarta tsohon kulochi ta sani, mai nauyi mai jan rai, wannan kuwa sabo ne fil. Tana ɗagawa Barewa ta zabura, sitiyari ya kauce, sai ji aka yi ƙarfe ya gurji siminti.

Motar ta mutu.  Auta ta leƙo tana neman fuskar mijinta, mutumin da ba ya iya cin abinci hoto na karkace. Ya zagayo ya tsaya gaban ƙofar. Ga lotsawa ɗanya, jan fenti ya kwaile, ginshiƙi ya samu sabon zane a kan tsohon.

Ya buɗe wa Mama ƙofa ta fito. Sannan ya ja da baya, ya ɗaga murya yadda Yaya da maƙwabta za su ji.

"Wannan hannun Mama ne. Babu mai taɓa shi."

Mama ta ɗora tafinta a wurin. Bai zauna daidai kamar na da ba, ya ɗan fi faɗi. Ta tsaya a haka kafaɗunta na girgiza, Auta ta kasa gane kuka take ko dariya, sai da ta matso ta ga duka biyun ne. Yaya ya cire hularsa ya mayar, ya matsa kusa da Dogo ya ce a hankali, mai niyyar sayarwa ba ya faɗin haka, a yafe masa.

Mama ta share fuska ta miƙa wa Dogo makullin, kuma a karon farko ta kalle shi ido cikin ido. Ta ce ya ɗauki matarsa su tafi gida, sai dai duk ƙarshen mako a kawo mata motarta ta ɗana. Ta juya ga Yaya ta ce Babansu yakan ce ya zaɓi Barewa ne don kujerarta biyu, ba ta da wurin ɗan rakiya, kuma aure ma haka yake.

Da Auta ta biye wa kuka ta yi fito-na-fito da mahaifiyarta, ko Dogo ya biye wa zuciya ya rama maganar Yaya, da tabon ƙofa ya raba gida. Haƙuri ne ya kai su ga tambayar da ya kamata a yi tun farko. Ba duk abin da ya lotsa a gidan mutane ne lalacewa ba, kafin ka gyara, tambayi mai shi. Har yau idan Dogo na wanke Barewa, yana zuwa wurin sai ya rage ƙarfin hannu.