Wa Ya Taɓa Keken Lauratu?

Ran da Yahuza mai gyaran keken ɗinki ya fara ganin Lauratu a Mabai, hannunsa duk baƙin mai ne. A zaure aka ajiye masa aikin, wani tsohon baƙin keke na kakarta, ga tsatsa ga tsallaken ɗinki. Ya wanke shi da kananzir, ya ɗiga masa mai, sannan ya sassauta wani ɗan noti yana juya keken a hankali.

"Mi ke damun shi?" in ji ta daga bakin ƙofa.

"Saiti ne ya goce. In allura ta sauka ta fara ɗagowa, daidai nan ya kamata bakin ƙoshiya ya cafke zare. To, taki ƙoshiyar latti take yi."

Ya ɗago ya dube ta. Wallahi sai ga shi yana laluben sukudireba, alhali tana hannunsa.

Soyayya ta ƙullu a waya, amma mahaifinta Malam Gide ya ce allambaran.

"Mutumin da yau yana kasuwar Faskari, gobe Sabuwa, ina zai aje mani ɗiya? In gyara ne, ga zaure. In zance ne, a'a."

Shi hankalinsa ya fi kwanciya da Harisu, ɗan amininsa, mai shagon sayar da kekunan ɗinki da gyara a Ƙanƙara.

Sai keke ya tsiri lalacewa. Ba a rufa mako sai saƙo ya shigo: "Injiniyana, ya koma tsallake. Yaushe za ka zo?"

"Laurena, ko ruwa ake da ƙanƙara ina tafe."

Da fari daɗi ya riƙa ji. Daga baya abin ya tsaya masa a rai, don ya san ɗaurin hannunsa, ba ya kwancewa haka kawai. Da ya koma gyaran, ya haska notin da fitilar waya, sai ga kansa duk an ƙwarzane. Nan take zuciyarsa ta ba shi Harisu. Wato idan ya juya baya wani ke zama a tabarmar zauren nan, ita kuma tana tsaye bakin ƙofa tana masa irin murmushin nan! Kishi ya turnuƙe shi har ya ji ɗaci a bakinsa.

"Wa ya taɓa keken nan bayana?"

"Wa kuwa zai taɓa?" Ta sunkuyar da kai.

Sunkuyawar nan ce ta ƙarasa shi.

"Ki hwaɗa ma Harisunki ya koyi riƙon sukudireba. Wanda ya yi wannan aika-aika ko akuya ta hi shi hankali."

Idanunta suka ciko. "Akuya ko? To na gode."

Ya tattara kayansa bai ɗaure komai ba. Da yamma ya tura mata: "Mai kwancewa ya ɗaure miki." Ba ta amsa ba. Kai, namiji da kishi! Ya daina cin abincin kirki, ya rame, in ya hango shagon Harisu sai ya canza hanya yana tsaki. Ga shi yana sonta kamar ransa, ga shi ya tabbata an ƙwace masa ita.

Ranar kasuwar Ƙanƙara yana zaune a rumfa, sai ga Malam Gide a kan babur, an ɗaure kan keken a baya. Yahuza ya durƙusa ya gaishe shi. Dattijon ya laluba aljihu ya ajiye masa wata wuƙar yankan albasa, bakinta a lanƙwashe.

"Ka san wannan?"

"A'a, Baba."

"Ita ce Harisun naka. Shi Harisu bai taɓa zama a zaurena da keken ga ba. Na ce ba ka shigo mani gida sai da gyara, ita kuwa ja'irar ta riƙa samo maka gyaran. Uwarta ta kama ta tana kuka tana son maida notin da kanta. Wuƙaƙen gidana duk sun lanƙwashe."

Yahuza ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ashe akuyar da ya zaga, Laurensa ce.

"Ka nemi rumfa guda ka zauna, ka turo manyanka," in ji Malam Gide, "tun muna da abin yanka albasa."

Ya ɗauko waya ya rubuta: "Laurena, ni ne akuyar. Ki yafe mani."

Sai can la'asar amsa ta zo: "Na yafe. Amma a lefe ka sa ma Inna wuƙa sabuwa."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Keken ya bi amarya ɗakinta, ita ta ɗinka labulayenta da shi. Malam Gide ya sa masu albarka, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Tun daga ranar kuwa, notin nan bai sake kwancewa ba.