Hotunan Salmatu Marasa Kai

Ranar Lahadi da hantsi aka kawo ƙarar. Ranar kasuwar Jibiya ce, manyan motoci sun jeru tun daga Magama suna jiran kwastan. Sufeto Abdulbaƙi yana zaune a caji ofis, an ajiye masa shayi bai taɓa ba. Tun da ya binne matarsa bara, abinci da aiki duk ɗanɗano ɗaya suke a wurinsa.

Wasu samari suka turo wani mutum gaban kantar 'yan sanda. Rigarsa a yage, leɓensa a fashe.

"Ɓarawo ne, Yallaɓai. Sarƙar gwal ɗin Hajiya Barira ya ɗauke jiya wajen walima."

Kowa ya san Hajiya Barira. Mijinta babban dillalin hatsi ne. Jiya suka yi walimar auren ɗansu, irin ta wannan zamani na Shari'a: ba kiɗa, maza a waje, mata a cikin gida.

Sufeto ya kori samarin. Ya dubi mutumin.

"Sunanka?"

"Rabe."

"Daga ina?"

"Wajen Maraɗi. Bara na zo, shekarar yunwa. Dako nike, ina sauke ma kamyo kaya, manyan motocin ga."

"Me ya kai ka cikin gidan?"

"Akwatunan amarya aka ce in shigar. Na shigar, na hito. Mi zan yi da gwal, ranka shi daɗe? In na kai kasuwa wa zai yarda nawa ne?"

Tun da ya shigo hannunsa na dama yana cikin hammatarsa. Bai ciro shi ba.

"An ce kotun Shari'a za a kai ni," in ji shi. "Da wanga hannu nike ci."

Sufeto bai ba shi haƙuri ba. Ba aikinsa ba ne. Ya ce kofur ya sa shi a sel, ya ba shi ruwa.

Daga nan ya tafi gidan da aka yi walimar. Hajiya Barira ta same shi a zaure, cikin dogon hijabi.

"Ina kika ajiye sarƙar?"

"A akwatina, cikin ɗaki. Da azahar na cire, na kulle. Ta ƙofar ɗakin ɗan dakon nan ya wuce."

Sufeto ya san nauyin wannan magana. Abin da aka ɗauka daga ma'aji a kulle, shi ke cin hannu. Ya ce a fito da akwatin. Aka fito da shi. Kwaɗon lafiya lau, ko ƙarzane babu.

"Makullin fa?"

"Yana haɓar zanina."

"Kin kwance shi jiya?"

"Ban kwance ba."

"To da me ya buɗe?"

"Su suka san hanyarsu, mutanen ƙetaren nan."

Tana magana tana sosa wuyanta ta kan hijabi. Bazara ce, ƙurajen zafi sun fito wa rabin garin.

"An ɗauki hoto a cikin gida?"

Hajiya ta ja tsaki. "In hoto ne wannan. Ƙanwar Kabiru mai hoto ce ta ɗauka. Duk ta yanke mana kawuna."

Shagon Kabiru yana bayan tasha. Ya shekara yana aiki da fim. Bana ya sayo kyamarar zamani a Kano, wadda ke ajiye hoto a ɗan kati, ya haɗa da tsohuwar kwamfuta.

"Dole ce ta sa, Yallaɓai," in ji shi. "Tun da aka hana namiji shiga cikin mata rabin aikina ya mutu. Ga ƙanwata Salmatu mijinta ya rasu a Bugaje, ta dawo gida tana zaune. Na ce zo ki koya. Na ce rana ta kasance a bayanki. Manna gwiwar hannu a haƙarƙari kada ya yi rawa. Danna rabi, jira ta yi ƙara, sannan ki ƙarasa. Duk ta riƙe. Abu ɗaya ya gagara."

Ya kunna kwamfutar. Hotuna suka fara wucewa. Ga atamfofi, ga kwanonin abinci, ga hannaye da ƙafafu. Yara da 'yanmata sun fito da fuskokinsu. Manyan mata kuwa daga kafaɗa hoton ya tsaya.

"Kunya," in ji Kabiru. "Ba ta iya ɗaga ido ta dubi sa'ar innarta, to kyamarar ma ba ta ɗagawa."

Sufeto ya sa ya dawo baya. Kowane hoto da lambarsa a ƙasa. Wajen tsakiya lambobin suka yi tsalle.

"Ina na nan wurin?"

"Sun lalace. Na goge."

"Waɗannan ba su lalace ba?"

Kabiru ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Waɗancan sun fi muni."

Sai labulen ƙofar baya ya motsa. Aka miƙo kwanon abinci. Hannun kawai ya shigo. Matan da ke cikin hotunan duk baƙin lalle suka yi, mai zanen furanni, na yayi. Wannan jan ƙunshi ne na da, har wuyan hannu, sabo ɗanye. Ɗan ƙaramin yatsan a tanƙware yake, irin karayar da aka ɗora ba daidai ba.

Kabiru ya karɓe kwanon da sauri.

"Iyalina ce, Luba."

"Ta je walimar?"

"Ba ta je ba. Zazzaɓi take yi tun shekaranjiya."

Sufeto ya miƙe. Ya yi zaman aure, ya san mace ba ta ƙunshi don ta kwanta jinya.

Ya sami Salmatu a ƙofar gidan innarta, ta durƙusa tana ɗaukar akuya hoto. Ta gan shi ta miƙe, idonta a ƙasa.

"Akuya kike ɗauka?"

"Yaya ya ce in koyi abin da ke motsi. Ita ba na jin nauyinta."

"Hotunan jiya, ina suke?"

"Ya kwashe a kwamfuta da yamma, ya ba ni katin. Yau da safe ya aiko wai in goge duka."

"Kin goge?"

Ta juya kyamarar a hannunta. Can ta ce, "Ranar da ya fara koya mini, abin da ya fara faɗa shi ne kada in goge hoton da ya lalace sai na gane abin da ya lalata shi. Ni kuwa ban gama ganewa ba."

"Kin duba su?"

"A bayan kyamara. Ƙanana ne, ba a ganin komai sosai."

Sufeto ya miƙa hannu. Ta ciro katin ta ba shi. Ya ce ta sa hijabi ta biyo shi.

Akwai shagon buga takardu kusa da sakatariya. Mai shagon ya sa katin a kwamfutarsa, Sufeto ya ce ya fita ya sha iska.

Suka kai inda lambobin suka yi tsalle. A nan ba su yi tsalle ba.

Na farko bayan gida ne, wajen randa. Ga zanin Hajiya Barira, ga buta a hannunta, ba kai.

"Me kike ɗauka a nan?"

"Yaya ya ce kada in bar uwar ango, duk inda ta yi in bi ta. Na bi ta. Sai ta yaye mayafi tana zuba wa wuyanta ruwa. Na ji kunya, na sauke kyamarar. Yatsana yana kai, ta yi ta ɗauka."

Na biyu turmi ne a kife. A kansa ga sarƙa, rana ta haske ta. Ƙafafun Hajiya sun juya, an kira ta ke nan.

Na uku ya ɗan yi rawa. Turmin ne dai. Hannu ya shigo ta gefe, jan ƙunshi har wuyan hannu, ɗan ƙaramin yatsa a tanƙware.

Na huɗu turmi ne kawai.

Sufeto ya dawo kan na uku, ya sa aka ƙara masa girma har ya cika allon. Salmatu ta tsaya tana kallo. Fuskarta ba ta canza ba.

"Kin san hannun?"

"Shi ke zuba mini tuwo."

Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko za ta iya zama. Ya tura mata kujera.

Bayan la'asar Sufeto ya isa gidan Kabiru da kofur da 'yar sanda mace. Hoton yana aljihunsa, an buga shi a takarda. Kabiru ya tare su a zaure.

"Na ce maka ba ta da lafiya, Yallaɓai."

Sufeto ya ba shi takardar. Kabiru ya duba. Ya jingina da bango.

"Na ce ta goge," in ji shi a hankali.

"Kai ka koya mata kada ta goge. Kira matarka."

Ba sai an kira ta ba. Luba tana bayan ƙofa. Ta shigo da hijabinta a jiki, kamar wadda ta daɗe da shiri. A hannunta ƙullin tsumma. Ta ajiye a tabarma, ta kwance.

"Ke kika ɗauka?"

"Ni ce."

"Daga akwati?"

"Wane akwati? A kan turmi take."

"Me ya sa?"

Ta juya sarƙar ta nuna masa wani wuri kusa da maƙalin. An ɗaure shi da siririyar jar waya.

"Babana ya ɗaure wannan. Ta innata ce. Mu mutanen Maraɗi ne. Bara da yunwa ta yi tsanani inna ta hayo da ita, ta ba Alhaji mijin Hajiya, ya ba ta gero. Geron bai kai su kaka ba. Ita ma ba ta kai ba." Muryarta ba hawa ba sauka. "Jiya na gan ta a wuyan Hajiya ban ce komai ba. Ciniki ne, an yi an gama. Sai na zagaya in sha ruwa, na gan ta a kan turmi, kusa da kashin kaji. Ban yi shawara da kowa ba. Hannuna ya ɗauka."

"Kin ji an kama ɗan dako?"

"Na ji. Tun daren jiya ake cewa shi ne."

"Ɗan ƙasarku ne."

"Na sani. Na ce in gari ya waye zan faɗa. Gari ya waye ban faɗa ba."

Sufeto ya juya ga Kabiru. "Kai ka gani a kwamfuta, ka gane hannun, ka goge. Ka san wani yana ɗaure a kan abin."

"Uwar 'ya'yana ce, Yallaɓai." Kabiru ya dubi Luba. "Hannunta fa? Za su…"

"Hajiya ta ce a akwati take, a kulle. Tsoron mijinta ya sa ta faɗi haka, kada ya ji ta yar da gwal a kan turmi. Da maganarta ta tsaya, da hannu ya tafi, ko na Rabe ko na wannan. Hoton ya nuna turmi ne, a tsakar gida, a buɗe. Shi zan ajiye gaban alƙali. Sauran nasa ne."

Kabiru ya sake duban takardar. Hoto ne mai rawa, a karkace, ba fuska ko ɗaya. Jiya da yamma ya zagi ƙanwarsa a kan irinsa.

"Kai ma za ka biyo mu," in ji Sufeto. "Ka ɓoye shaida."

'Yar sandan ta ciro ankwa. Sufeto ya girgiza kai, ta mayar.

A ƙofar gida Salmatu tana tsaye, kyamarar rataye a wuyanta. Luba ta zo wucewa ta tsaya.

"Tuwon yara yana kan wuta, ƙanwata. Ki sauke kada ya kama."

"To, Yaya."

Salmatu ta ɗago ta dube ta a fuska, har aka sa Luba a mota.

A caji ofis kofur ya buɗe sel. Rabe ya fito yana ƙifta ido. Aka ce masa ya tafi, ba shi da laifi. Bai tambayi wa ya ɗauka ba. Ya ga mace zaune a benci, ta ɗora jajayen hannaye a cinya, ya kau da kai.

Sai da ya kai bakin ƙofa ya ciro hannun daga hammatarsa. Ya buɗe shi, ya rufe.

"Kasuwa ta watse, ranka shi daɗe?"

"Da saura."

Ya nufi wajen motoci.

'Yar sandan ta taɓa kafaɗar Luba. Ta miƙe, aka wuce da ita ciki.

Sufeto ya zauna. Shayin yana nan inda ya bar shi, ya yi sanyi. Ya ɗauka ya shanye.