Tambayar da Aka Jefa Kwandon Shara

Ranar Talata da la'asar, kasuwa na tsakiyar ci, wata budurwa ta shigo caji ofis na Talata Mafara idonta jawur. Sufeto Maikuɗi ne a bakin kanta. Shekararsa ashirin da uku a aikin ɗan sanda, kuma sunan ne kawai Maikuɗi, babur ɗinsa ma sai an tura yake tashi. Bai san komai game da kwamfuta ba, bai kuma taɓa jin kunyar faɗin haka ba.

"Zamna, ɗiyata. Mi sunanki, mi ya faru?"

"Rumaisa, ranka shi daɗe. An ɗauke min laftof a shagon buga takardun da nike aiki. Na shiga maƙwabta sallar azahar, na dawo babu ita."

"Mi da mi aka ɗauka?"

"Ita da wani littahi da nike zane-zanen aikina a ciki. Wayata na nan gefe tana caji, ba a taɓa ta ba."

Sufeto ya ajiye biro. Ɓarawon da zai tsallake waya ya ɗauki littafin rubutu ba yunwa ce ta kawo shi ba.

Rumaisa ta yi masa bayani. Akwai wani dandali a intanet na masu rubuta manhaja, mutum dubu huɗu, yawancinsu matasan yankin. Wata ƙungiyar manoman shinkafa ta sa gasa ta hannun dandalin: wanda ya rubuta manhajar da za ta raba wa manoman madatsar ruwa ta Bakolori layin ban ruwa, shi za a ɗauka aikin kula da ita. Wata takwas tana a kan tata. Da ta miƙa, sai aka ce wani Khalifa daga Maradun ya riga ta da mako biyu, kuma aikin iri ɗaya ne sak. Ranar Juma'a kwamiti zai zauna. In ba ta kawo hujja ba, za a kore ta, a kuma sanar wa dandalin gaba ɗaya cewa ta saci aikin wani.

"Wa ya san hujjarki na cikin laftof da littahin?"

"Jiya na rubuta ƙorahi na faɗi haka. Masu tace saƙonni kaɗai ka karanta ƙorahi, su muke ce ma admin."

"Kin taɓa nuna ma wani aikin?"

"Sau guda. Wata ukku da suka wuce na maƙale, na aika tambaya dandali da kusan dukkan rubutun. Ba ta hito ba."

"To share hawayenki. Juma'a da sauran kwana ukku, ni biyu sun ishe ni."

Washegari da safe ya sami Malama Miriam a ɗakin kwamfuta na makarantar da take koyarwa. Ita ce shugabar masu tacewa. Bayan an gaisa har an tambayi lafiyar ɗalibai, ya ce ta koya masa aikinta kamar yadda za ta koya wa ɗan aji ɗaya.

"Duk saƙon da aka aiko, Yallaɓai, ba ya fitowa kai tsaye. Layin jira yake shiga. Akwai injin da muka saita, shi ke kwashe tallan caca da na 'yan damfara ya zuba a kwandon shara. Abin da ya rage, mai aikin makon zai karanta, ya sa masa alama: tambaya ce, darasi ne, ko neman aiki, kuma a kan wane fanni. Sannan ya sake shi ko ya jefar."

"Ku nawa ne?"

"Uku. Ni, da Ishaq a Bakura, da Ɗanlami. Shi Ɗanlami yana Umara, mako uku ke nan."

"Jiya da azahar kina ina?"

"A nan, da yara arba'in."

"Tambayar Rumaisa fa?"

"In ta shiga kwando, ta tafi. Bayan kwana talatin komai yana gogewa."

"Komai?"

Miriam ta gyara gilashinta. Sufeto ya zuba mata ido yana jira. Ya daɗe da sanin cewa shiru ya fi tsawa saurin buɗe bakin mai gaskiya.

"Rubutun ne ke gogewa," ta ce a hankali. "Rajista tana nan. Ban so sunan dandalin ya shiga fayil ɗin 'yan sanda ba ne. Shekara bakwai muna gina shi."

Ta buga masa shafin ranar a takarda. Layi talatin, duk na abin da aka jefar, da sunan Rumaisa a na goma sha ɗaya. Makon na Ishaq ne, amma Miriam ta yi saurin cewa injin ma yana kuskure, ya sha kwashe saƙon kirki. Sufeto ya bi layukan da ɗan yatsa daga sama har ƙasa, ya sake komowa sama.

"Malama, shi injin nan, yana sa alama kahin ya jefar?"

"A'a. Alama sai mutum."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya yi godiya.

Da azahar motar ofis ta sauke shi a Maradun, shi da Saje Thomas. Khalifa na da ɗan shagon sayar da caja da rigunan waya. Da ganin kaki sai ya miƙe, ya yi ta jera gaisuwa har ta wuce ƙa'ida.

"Kai ka rubuta manhajar ban ruwa?"

"Ni ne, ranka shi daɗe. Da hannuna."

"Madalla. Ni ban iya karatunku ba, amma ɗan manomi ne ni. Buɗe min jadawalin."

Khalifa ya buɗe a waya. Sunayen gonaki da ranaku suka jeru.

"Na ga Asabar, Lahadi, Litinin, sai Laraba. Ina Talata?"

Khalifa ya ƙura wa wayar ido kamar yau ya fara ganinta.

"Kuskure ne, ranka shi daɗe. Zan gyara."

"Kuskure? Wane manomi zai bar kasuwar Talata Mafara ya tsaya bakin kwata yana jiran ruwa? Wanda ya rubuta wanga abu da gangan ya cire Talata. Kai ko ba ka ma lura babu ita ba."

Gumi ya tsatso wa Khalifa. Ya ce ai aikin da yawa, mutum ba ya riƙe komai a ka.

"Ka san Ishaq na Bakura?"

"Sunan dai nike gani a dandali. Ban taɓa ganin shi ba."

Sufeto ya ɗaga kai. A bangon shagon, sama da cajojin, akwai kalandar biki mai hoton ango da amarya, an rubuta Ishaq da Bushra, Bakura.

"Wagga amarya fa?"

Khalifa ya juya ya kalli bangon, ya kasa juyowa.

"Yayata ce," ya ce da ƙyar.

"To rufe shago, ka ba Saje wayarka. Yau baƙonmu ne kai."

Ranar Alhamis da hantsi suka isa Bakura. Sufeto ya taho da Miriam, da Rumaisa don ta gane kayanta in an same su. Ya bar Rumaisa a mota tukuna.

Ishaq ya tarbe su a zaure da tabarma da ruwan sanyi. Mutum ne tsaf-tsaf, birai uku a aljihun gaba, ja da baƙi da shuɗi. Takalman da ke bakin zauren ma an jera su bisa girma. Ya gaishe su a natse, babu alamar tsoro a tare da shi.

"Malam Ishaq, shekaranjiya kana ina?"

"Kasuwar Talata, kamar kowa. Albasa na kai."

"Ka karanta ƙorahin Rumaisa ran Litinin?"

"Na karanta. Aikina ne."

"Tambayar da ta aiko wata ukku baya fa? Makonka ne."

"Ban ganta ba sam. In ta shiga kwando, injin ne ya kwashe ta. Duk saƙon da ke da dogon rubutu da hoto, yakan ɗauka talla ne. Malama Miriam shaida ce."

"Yakan yi hakan," Miriam ta ce.

"Wato ko buɗe ta ba ka yi ba?"

"Wallahi ko sunanta ban gani ba."

"Bar rantsuwa, ba a kai wurin ba." Sufeto ya gyara zama. "An ce min kai ka rubuta dokokin tacewa. Mi doka ta farko ta ce?"

Ishaq ya ɗan yi murmushi, irin na wanda aka taɓo inda ya fi ƙwarewa.

"A karanta, a sa alama, sannan a yanke hukunci. Shekara shida ban taɓa barin saƙo ya wuce hannuna tsirara ba. Tambayi kowa."

"Na yarda da kai ɗari bisa ɗari."

Sufeto ya fito da takardar ya shimfiɗa a kan tabarma.

"Ga abin da aka jefar a ranar, guda talatin. Dubi gidan alama. Ashirin da tara wayam, aikin inji ne. Karanta min na goma sha ɗaya."

Ishaq ya sunkuya. Bai karanta ba. Miriam ce ta leƙa ta karanta.

"Tambaya. Fannin noma."

"Inji bai san noma ba," Sufeto ya ce. "Mutum ne ya buɗe, ya karanta har ƙarshe, ya gane a kan mi take. Ya yi niyyar ɓatar da ita, amma hannunshi ya riga shi, ya sa mata alama yadda ya saba. Doka ta hana admin shiga gasa, sai aka nemo ƙanen mata a Maradun. Ƙorahi ya zo ran Litinin, mutum biyu suka karanta. Ran Talata da azahar, ɗaya na aji da yara arba'in, ɗaya na kasuwa, taku kaɗan da shagon yarinya. Khalifa ya kwana wurinmu, kuma ba shi da taurin kai irin naka. Ina laftof?"

Ishaq ya daɗe yana kallon layin nan na goma sha ɗaya. Sannan ya zare biran uku daga aljihu ya ajiye su a jere a kan tabarma.

"Tana ɗakin ajiya, cikin buhun shinkafa na ukku daga ƙofa. Littahin ma. Ban goge komai ba, na kasa."

Saje Thomas ya shiga, ya fito da su a naɗe cikin zane. Aka kira Rumaisa. Ta kunna laftof ɗin a tsaye, ta ga fayilolinta na wata takwas kowanne da kwanan watansa, ta rungume ta a ƙirji. Miriam ta ce gobe ita da kanta za ta ajiye wannan a gaban kwamiti, tare da takardar rajista.

"Mi ya kai ka?" Sufeto ya tambaya.

"Shekara shida ina share ma mutane hanya," Ishaq ya ce. "Yaran da na gyara ma tambaya suna Abuja, suna Legas. Ni ina nan ina kwashe tallan caca. Ban taɓa gina abin kaina ba. Ran nan na buɗe saƙonta, na ga abin da na yi shekara ina son rubutawa, ga shi yarinya ta gama, saura wuri guda. Na kwafe, na jefar."

Miriam ta kau da kai. Ta fi kowa jin ciwo a zauren, don ita ta koya wa Ishaq aikin, ita ta ba shi makullin dandalin.

Saje ya fito da ankwa. Rumaisa ta matso.

"Ranka shi daɗe, a ba ni minti guda." Ta dubi Ishaq. "Malam, tambayar tawa, ka san amsarta?"

"Na sani. Kina fara ƙidaya gonakin daga ɗaya, ita na'ura daga sifili take farawa, shi ya sa gonar farko ba ta samun ruwa. Minti biyar na gano."

"Ni mako shida na yi kahin in gano. Kuma duk makonnin nan ina zaton an karanta ne aka ga shirme, shi ya sa ba a sake ta ba. Sau biyu na rufe laftof ɗin na ce na bar karatun."

Ishaq ya miƙa wa Saje hannuwansa biyu ba tare da an ce ya miƙa ba.

"Ba shirme ba ce," ya ce, kansa a ƙasa. "Cikin shekara shida ba a aiko tambayar da ta kai ta ba."

"To da ka faɗa min."

Saje Thomas ya danna wa Ishaq ankwa, ya kama gwiwar hannunsa, suka fita zuwa mota.