Koren Ƙunshin da Ke Kan Na'urar Pei-rung

'Yata Pei-rung ba ta nan. Ita kaɗai gare ni.

Ni taliya nake sayarwa a kasuwar Hsinchu, ban san aikinta ba sai abin da ta faɗa mini. "Ma, shirin kwamfutar da nake ginawa kamar ke yake. Ba ya dafawa ya ajiye. Sai an buƙata yake rubuta wa na'ura umarni da harshenta, nan take, da zafinsa."

Wata tara shugabanta a wurin aiki, Manaja Kuo, yana hana ta barci a kansa. Ranar da ta gama ta faɗi kan tebur, ba ta sake tashi ba. Kafin a ƙone gawarta yadda al'adarmu take, Kuo ya cire sunanta daga aikin, ya sa nasa.

Kwana bakwai da rasuwarta, ranar da mamaci ke waiwayar gida, na je ofishinsu kwashe kayanta da magariba. Ma'aikata sun watse. Kuo kaɗai na tarar, da takarda.

"Goggo, sa hannu kawai. An rubuta dama tana da ciwon zuciya."

"Ba ta da shi."

"Ke likita ce, ko mai taliya?"

Bisa na'urarta akwai koren ƙunshin soyayyiyar masara, wanda injiniyoyi ke ɗorawa don na'ura ta yi biyayya. Ko mai shara ba ya taɓa shi. Kuo ya yage shi yana dariya, ya watsa a baki.

Ƙurus. Ƙurus.

Fankar na'urar ta tashi da kanta.

Sai ƙamshin man zafin da Pei-rung take shafawa a goshi.

Lambobi suka fara gangarowa a allo. Ƙofa ta kulle, ƙat. Ya danna wani maɓalli, layi sabo ya fito, maɓallin ya mutu. Ya ɗauki waya, wani layin ya fito, wayar ta yi baƙi. Duk abin da ya yi, nan take ake dafa masa amsa.

Ya fizge wayar wuta.

Rubutun bai tsaya ba.

"Goggo," ya ce da raɗa, "ce mata ta bari."



Kujerarta ta juyo a hankali. Sanyi ya taɓa kunnena.

"Ma, fita."

Ƙofar ta buɗe daidai faɗin jikina. Na ji ya biyo ni, na ji ta rufe. Hawa sha ɗaya na sauka da ƙafa, ban waiwaya ba.

An same shi da rai. Yana asibiti, yatsunsa na bugun iska ba hutu, har sun kumbura. Wani injiniya ya sa masa allon maɓallan kwamfuta a ƙarƙashinsu, ya zuba abin da ya fito cikin na'ura. Ashe shiri ne, ya kuma yi aiki. Suna ɗaya yake bugawa: Pei-rung.

Har yau bakin Kuo bai faɗi sunan ba.

Ku kunna turare ku taya ni roƙo. Mai Sama, kada yatsun nan su huta sai ya faɗi gaskiya a gaban mutane. Bayan nan ka bar 'yata ta yi barci.