Mutumin Da Ba Ya Zubar Da Kati

Agnes ta dire kofin shayinta har ya fallatsa a kan tebur, ta ce Haggai ya maimaita, don tana zaton hayaniyar shagon shayin mamak ɗin ce ta hana ta ji da kyau.

Ya maimaita. Ranar Lahadi zai je wurin yayanta Isaiah ya nemi aurenta, kuma zai ce masa wata kwaleji a Penang ta ba shi aikin koyarwa.

"Ta ba ka?"

"Sun kira ni interview..."

"Haggai, ta ba ka?"

"Ba su ce a'a ba tukuna."

Wata biyar ke nan da yin wannan interview. Ko wanda bai taɓa neman aiki ba ya san ma'anar shirun wata biyar, balle Haggai da ke digirin digirgir a lissafi. Amma tsoro ba ya duba takardun mutum kafin ya kama shi.

Sati uku ya rage bizar Agnes ta ƙare. Ta gama digirinta na biyu, Mama kuma tana Kagoro ita kaɗai, gwiwa ta hana ta ko zuwa kasuwa. Isaiah, wanda ya kawo ta Malaysia ya riƙe ta shekara biyu a gidansa na Danau Kota, ya riga ya yanke magana: gida za ta koma. Agnes ba ta musa ba, don ita ma kewar Mama tana cinta. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta hau jirgi ba a san ko ita wace ce a wurin Haggai ba. Ta faɗa masa ƙarara, idan ta tafi bai yi magana da Yaya ba, kada ya wahalar da kansa da kiran waya.

Shi kuwa me yake da shi? Kundin da bai gama ba, malamin da ke dawo masa da babi na huɗu duk wata, ɗaki ɗaya da suke rabawa su uku a Pantai Dalam, da yara huɗu da yake koya wa lissafi da yamma. Ya lissafa mata su da yatsu, ya ce wane yaya ne zai ba da ƙanwarsa a kan wannan.

Ta dube shi, tausayi da haushi suka haɗu mata wuri ɗaya. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne, shi da kansa ya koya mata yadda ake tunkarar Isaiah.

A teburin karta suka fara haɗuwa. Duk Lahadi bayan sujada, maza huɗu ko biyar sukan taru a falon Isaiah su buga foka. Anita, matar gidan, ta ce muddin tana numfashi ba za a yi caca a gidanta ba, don haka da wake suke yi, kowa da ɗan tulinsa, in an tashi ta kwashe abinta ta mayar gwangwani. Ana ba kowa kati biyu a rufe. Daga nan mutum ya zaɓa, ko ya zubar ya fita, ko ya bi abin da aka sa, ko ya ƙara. Sai a buɗe wasu biyar a tsakiya, wanda nasa ya fi haɗuwa da su ya kwashe waken.

Isaiah ba ya zubarwa. Ko me aka ba shi, ko nawa aka ƙara, sai ya bi har ƙarshe yana murmushi. Har sun gaji da yi masa tsiya.

A cikin jirgin ƙasa na LRT, wata rana da yake raka ta, Haggai ya zana mata abin a bayan takardar coci. Ya ce mutum irin Yaya Isaiah ba a yi masa burga. Akwai ƙananan katin da ke bin juna, kamar shida da bakwai iri ɗaya, waɗanda ake ƙarawa da su don rabin ribarsu tsorata mutane ne su gudu. A gaban wanda ba ya gudu, wannan rabin ya tafi. Amma es da tara, ko sarki da goma, waɗanda za ka yi ɗari-ɗari da su a gaban mai taka-tsantsan, a gaban Isaiah ƙarawa ake yi da su, don zai biyo ka da abin da bai kai su ba. Ba sai kana riƙe da mafi kyau a cikin kartar ba. Ya dai zama abin da ke hannunka zai iya tsayawa idan an ce buɗe, domin tabbas za a ce buɗe.

Ranar ba ta damu da kartar ba, bakinsa take kallo. Amma ta riƙe maganar.

Yanzu ta mayar masa da ita ɗaya bayan ɗaya, har da shida da bakwai ɗin. Ta ce Yaya zai tambayi sunan kwalejin, ya tambayi ranar farawa, ya ce a nuna masa takarda, kuma kafin Talata ya sami wani ɗan coci da ya san wani a Penang.

"Wancan karta ce, Agnes. Idan na faɗi, wake na rasa."

"Nan fa?"

"Nan ke zan rasa."

Sai da ta kau da kai. Tana son mutumin nan, so irin wanda ke sa ka ji haushin kanka. Ta sassauta murya.

"Masoyina, ka je da abin da kake da shi. Ni ban ga ya yi kaɗan ba. Amma in ka shigo gidanmu da ƙarya, ko Yaya bai kama ka ba, ni na sani... kuma da ni za ka zauna."

Ta sa aka ƙunshe mata roti biyu na Anita, ta tashi ta bar shi yana juya cokali a cikin shayin da ya huce.

Kwana huɗu bai ce mata ga abin da ya yanke ba, ita ma ta ƙi tambaya. Ta fara ware kayanta, na ɗauka da na bayarwa, tana yi tana tsayawa.

Ranar Lahadi ya zo da rigar da ya goge har ta yi ƙyalli. Aka ci abinci, aka zuba wake. Agnes ta tsaya a ƙofar kicin tana kallo. Haggai ya zubar da rabon farko, ya zubar da na biyu, har na bakwai. Maikano, abokin Isaiah mai sayar da wayoyi, ya ce wannan dai kallo ya zo yi, a kawo masa gyaɗa. A na takwas ya ƙara. Kowa ya gudu sai Isaiah. Da aka buɗe, sarki da goma ne a hannun Haggai, Isaiah kuma katin goma da katin uku, ya tura waken yana dariya kamar shi ya ci.

Wajen magariba baƙi suka watse, Haggai bai tashi ba. Anita ta ja Agnes cikin kicin, ta bar ƙofa a buɗe daidai yadda magana za ta shigo.

Ya gaishe da Isaiah sabuwar gaisuwa, kamar yanzu ya iso. Ya ce ya zo ne a kan Agnes, yana so a ba shi izini ya turo iyayensa. Isaiah ya tambaye shi da me zai riƙe ta.

"Yaya, akwai wata kwaleji a Penang..."

Agnes ta runtse ido. Ta dafa bakin sink.

"...sun kira ni wata biyar da suka wuce. Ban sake ji daga gare su ba, kuma ina ganin ba zan ji ba. Ba ni da aiki, Yaya."

Sai ya zayyana sauran, kundin, malamin, ɗakin, yaran huɗu, bai rage ba bai ƙara ba. Anita ta matse hannun Agnes har ya yi mata zafi.

Isaiah ya daɗe yana tattara kartar. Da ya yi magana, ba a kan aiki ya yi ba. Ya ce shi ma da ya auri Anita katifa ɗaya gare su, wannan bai dame shi ba. Ya ce suna yi masa dariya don ba ya zubarwa, amma shi ba cin wake yake zama yi ba. Yana biya ne ya ga abin da mutum ke riƙe da shi, da yadda fuskarsa take in an ce buɗe. Shekara biyu yana kallon Haggai.

"Kai kati goma, takwas zubarwa kake yi. Abu ya ɗan yi maka wuya, ka ajiye ka naɗe hannu. Shekara biyu kana cin tuwon gidan nan ba ka buɗe baki ba sai da tikiti ya fito. Ranar da aure ya yi wuya fa? Ƙanwata ba kati ba ce, Haggai."

Wannan Agnes ba ta taɓa zata ba. Ita ce ta ce masa ya zo da gaskiya, ga shi gaskiyar ba ta isa ba. Kuma abin da ya fi yi mata ciwo, wani ɓangare na zuciyarta ya daɗe yana wannan tambayar a ɓoye.

Haggai ya ɗago kai.

"Gaskiya ne na daɗe, Yaya, kuma tsoro ne, ba dabara ba. Na cuce ta da jiran. Amma ka tuna wasan da muka yi duka. Ina zubarwa kafin in shiga. Ka taɓa ganin na ƙara, sannan na tashi na bar maka tebur?"

Agnes ta leƙa, ta ga Isaiah yana kallon sama, da gaske yana bin Lahadin ɗaya bayan ɗaya.

"Ban taɓa gani ba," in ji shi. "Amma gida za ta koma. Mama ba ta da kowa."

"Na sani. Ban zo raba ta da Mama ba. Ina gamawa zan bi ta, da aiki ko babu."

"In malamin naka ya riƙe ka wata shekara?"

"To wata shekara. Amma iyayena ba sa jiran malami, suna Zonkwa, ba nisa da Kagoro. Su je tun yanzu a san da maganar."

Isaiah ya ɗauki wayarsa. A Kagoro ana tasowa daga sujada ke nan. Ya gaishe da Mama, ya tambayi gwiwa, sannan ya ce ga wani yaro nan ya zo da magana, ba shi da aiki, bai gama makaranta ba, amma bai yi masa ƙarya ba. Ya miƙa wa Haggai wayar. Haggai ya durƙusa a kan tayil kamar tana gabansa, ya gaishe ta. Ta tambayi sunan babansa da cocinsu, ta ce shekara biyu tana jin sunansa a bakin 'yarta, har ta fara zaton ba shi da murya.

Sai ta ce a ba ta Agnes.

Agnes ta fito tana share fuska da bakin ɗankwali, hawayen kuma sun ƙi tsayawa. Murna ce, da kuma sanin cewa nan da kwanaki kaɗan za ta bar shi a ƙasar nan, ba ta san ranar da zai gama ba.

"Agnes, shi ne wanda kike so?"

"Shi ne, Mama."

"To daina kuka, 'yata. Taho gida, a nan zai same ki."