Rabin Allon da Ta Bari Fari

Ranar da mai gyaran waya ya fara ganinta, da faɗa ya shigo shagon ɗab'in mahaifinta, allon tallarsa a kafaɗa.

"Wa ya yi wannan aikin? Rabin allo fari fat! Tawada ce ta ƙare muku?"

Ta ɗago daga kwamfuta ta watsa masa harara. "Ni ce. Kalma uku da lambar waya, na cikin mota ma zai karanta. Filin nan shi ke ba ido hanya."

Idon nata ya tsaya kallo har ya manta ƙarshen masifarsa. Amma ɗan taurin kai, yana komawa ya sayi jan fenti ya cike farin tas: caja, batir, gilashi, har da "muna maraba". Ga kuma sunan shagon mahaifinta a ƙasan allon!

Tana ganin allon ta zaro wayarta. Ta tura masa saƙo: "Sarkin Cunkoso, ka kashe min aiki. Ban yafe ba!"

Ya amsa: "Gimbiyar Fili, zo ki zage ni ido da ido, zan fi ji."

Ta zo kuwa, ta kuma sake zuwa. Wata huɗu ana rigima, sai ga shi an koma "kin ci abinci?"

Mahaifinta na jin zancen aure ya buga tebur. "Wannan uban surutun? Sau biyu yana zuwa gaishe ni, ko tari bai bar ni na yi ba! Wanda ya kasa barin faɗin tafin hannu a allo, ina zai bar wa 'yata wurin numfashi a gidansa? Ba da ni ba!"

Ta yi kuka, haushi ya ƙara turnuƙe ta don ta san Baba na da gaskiya. Ta rubuta masa: "Gobe ce damarka ta ƙarshe. In ka zo da dogon bayaninka, wallahi mun rabu."

Washegari ya durƙusa gaban tsohon, ita tana laɓe bayan injin buga takarda.

"Baba, na ɓata aikin 'yarka, na yi kuskure. Ina son ta."

Ya ja bakinsa ya tsuke. Kai, shirun nan ya ba shi wuya! Leɓe na motsi, gumi na bin wuya, ya dai danne. Minti ɗaya, biyu, uku.

Sai tsohon ya fara magana, da zafi da farko, daga baya muryar ta yi sanyi: yadda ya raine ta shi kaɗai tun rasuwar mahaifiyarta, yadda take haɗiye damuwa in ba a saurare ta ba. Saurayin bai katse shi ko sau ɗaya ba.

Tsohon ya share ido. "Shekara ashirin ban faɗa wa kowa wannan ba. Tashi, ɗana, turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za su tafi, tsohon ya dafa kafaɗar angon.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma, duk ranar da ta yi shiru, kada ka cike wurin da bakinka. Ka jira ta."